Faifan da babu waƙa a cikinsa ya hau na ɗaya: aikin makaɗa ne ko sunan maigida?

Garmaho_Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau maganar kiɗan kantiri na Amurka na kawo, kuma na san akwai waɗanda za su ja da ni. A ƙarshen 1965 wani faifai mai suna "Buckaroo" ya hau mataki na ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard, ya yi mako 2 a can. Babu muryar kowa a cikinsa, kiɗa ne zalla tun daga farko har ƙarshe. Waɗanda suka kaɗa shi su ne Buckaroos, makaɗan da ke tsayawa bayan mawaƙi Buck Owens. Kuma tun daga wancan lokaci ba a ƙara samun kiɗa zalla da ya hau na ɗaya a wannan jadawalin ba. Ni a ganina babu wasu makaɗan baya da suka taɓa yin abin da ya kai wannan a kantiri. Maigida bai buɗe baki ba, yaransa suka ci kasuwa. Wa ke da ja?

Sarkin_Musu:
Wa alaikumus salam. Ni ne nan mai ja. Malam Garmaho, je ka duba abin da aka rubuta a tsakiyar faifan. Sunan Buck Owens ne a gaba, sannan na Buckaroos ya biyo. A shekarar nan kaɗai mutumin ya riga ya hau na ɗaya sau 3 kafin wannan, da "I've Got a Tiger by the Tail" da "Before You Go" da "Only You". Wanda yake kan irin wannan tashe, ko tari ya yi a sitidiyo aka buga faifai gidajen rediyo za su saka. Albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Maman_Ilham:
Kai Sarkin Musu, ba ka ko bari mutum ya zauna ba. Ni dai tambaya gare ni, don ban san kan abin sosai ba. Wannan jadawalin, wa ke ƙirgawa? Yawan waɗanda suka saya ne ko yaya?

Baba_Mai_Faifai:
'Yata, bari in amsa miki kafin mu koma kan rigimar waɗannan biyun. Billboard mujalla ce ta masu harkar kiɗa, tana fita duk mako. Ta fara lissafin irin wannan kiɗa a 1944, kuma a lokacin abin da take ƙirgawa shi ne faifan da aka fi sakawa a akwatunan kiɗa na wuraren shaƙatawa, waɗanda ake jefa wa kuɗi su kunna faifai. Daga baya aka ƙaro lissafin abin da kantuna suka sayar da na abin da rediyo ke sakawa, kowanne da jadawalinsa. A 1958 aka haɗe su wuri ɗaya. To a 1965 da ake magana, jadawalin na da gurbi 50, kuma an dogara ne da rahoton da gidajen rediyo da masu sayar da faifai ke aikowa. Mutum ne ke rubutawa ya aiko, ba na'ura ba. Sai a 1990 aka koma na'urar da ke sauraron tashoshi tana ƙirga sau nawa aka saka kowace waƙa. A 2012 kuma aka shigo da saye da sauraro ta intanet. Saboda haka na ɗaya na 1965 da na ɗaya na yau ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Sarkin_Musu:
Baba, ka ga ka taimake ni. In mai gabatar da shiri ne ke rubuta abin da ya saka, ai sunan da ya sani zai fara ɗauka. A 1965 ɗin nan Jim Reeves ya hau na ɗaya sau 2 alhali ya mutu tun watan Yulin 1964 a haɗarin jirgin sama. Suna ne ke sayar da faifai.

Garmaho_Zazzau:
To in suna ne kaɗai, me ya sa sauran manyan ba su yi ba? Kowane babban mawaƙin kantiri na zamanin yana da makaɗansa masu suna. Ernest Tubb na da Texas Troubadours, Ray Price na da Cherokee Cowboys, shi kansa Jim Reeves da ka ambata yana da Blue Boys. Duk manya ne. Nuna min wanda a shekarun 1960 ya ba yaransa fili suka yi kiɗa zalla ya hau na ɗaya. Kuma faifan bai tsaya a kantiri ba, ya leƙa babban jadawalin Hot 100 na kowane irin kiɗa, ya kai na 60. Waɗanda suka kai shi can ba 'yan gani-kashe-nin Buck Owens ba ne.

Direban_Tirela:
Ni duk waɗannan sunaye ban san su ba, gaskiya. Mu a hanya Don Williams muka sani, sai Kenny Rogers da Dolly Parton. Maigidana na farko da ya koya min mota, Allah ya jiƙansa, in mun bar Jebba da dare kaset ɗin Don Williams yake sakawa, ya ce shi ne ba ya sa shi barci kuma ba ya sa shi gudu. Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Na taɓa tambayarsa me mutumin ke cewa, ya ce shi ina ruwansa, jitar yake bi. Da na karanta maganar Malam Garmaho shi na tuna. Akwai masu sayen waƙa don kiɗan da ke bayanta, ko a nan.

Uwar_Ɗaki77:
Don Williams kam har gidanmu. Babanmu ba ya yarda a taɓa masa kaset ɗin. Ya taɓa zuwa Afirka ma, ya yi wasa a Harare ta Zimbabuwe a 1997.

Bakatsine_a_Fresno:
Bari in sa baki, tunda Bakersfield, garin su Buck Owens, yana kudu da inda nake zaune a Kalifoniya, kuma nakan bi ta nan in zan je Los Anjalas. Wanda bai san Bakersfield ba ba zai gane dalilin da ya sa wannan faifan ya yiwu ba. Gari ne na rijiyoyin mai da gonakin auduga. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura suka kori manoma daga Oklahoma da Teksas da Arkansas, suka yi yamma neman aikin gona, da yawa suka yada zango a wannan kwarin. Iyayen Buck Owens ma cikin irin wannan hijira suka bar Teksas a 1937, suka tsaya a Arizona, shi kuma ya ƙarasa Bakersfield a 1951.

Waɗannan leburori in sun karɓi kuɗin mako, gidajen rawa suke zuwa, wuraren da hayaniya ta yi yawa har mutum ba ya jin na kusa da shi. Makaɗin da ke son a ji shi dole ya nemi jita mai lantarki mai kaifin sauti, da ganga mai ƙarfi. Shi ya sa suka rungumi jitar Fender Telecaster. A daidai lokacin, can a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ana ta lallaɓa kantiri ana sa masa tarin goge da muryoyin amshi masu taushi don ya shiga falon masu kuɗi. Kiɗa biyu ne mabambanta ƙarƙashin suna ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan muhawara shi ne, a Nashville mawaƙi yakan yi yawon wasa da makaɗansa, amma ranar ɗaukar faifai sai a ajiye su a kira ƙwararrun sitidiyo, wasu 'yan tsirarun mutane da ke kaɗa wa kowa. Buck Owens bai bi wannan tsari ba. Da yaran da yake yawo da su yake shiga sitidiyon kamfanin faifai na Capitol a Hollywood, furodusansa Ken Nelson kuma ya ƙyale shi. Don haka mai sauraro ya shekara biyu yana jin hannun mutanen nan a kowane faifai kafin "Buckaroo" ya fito. Ya san su ko da bai san sunayensu ba.

Garmaho_Zazzau:
Allah ya biya ka, Bakatsine. Ashe Katsinawa ma kan yi magana mai ma'ana in sun yi nisa da gida.

Bakatsine_a_Fresno:
Bazazzagi dai ba ya godiya sai ya haɗa da tsokana. Kuma kada ka yi saurin murna, don ban ce Sarkin Musu bai da gaskiya ba.

Baba_Mai_Faifai:
Tunda an zo nan, a faɗi sunayen mutanen, kada mu ma mu yi musu abin da muke zargin wasu da shi. Don Rich ne ke riƙe da jitar gaba, yana kuma goge, shi ne kuma mai siririyar muryar da ke bin Buck a amshi. Tom Brumley ne mai jitar nan da ake kwantarwa kamar tebur, ana goga mata ƙarfe ana taka feda. Doyle Holly na jitar bes, Willie Cantu na ganga, yaro ne ƙarami a lokacin. Wanda ya tsara kiɗan "Buckaroo" kuma wani ne mai suna Bob Morris.

Malam Garmaho, ka ce maigida ya yi shiru yara suka ci kasuwa, kamar Buck mai murya ne kawai. Ba haka ba ne. Shi ma makaɗin baya ne kafin ya zama mawaƙi. Ya kaɗa jita a gidan rawa na Blackboard a Bakersfield, ya kaɗa wa Tommy Collins da wasu a sitidiyon Capitol a shekarun 1950. Da ya haɗu da Don Rich a Tacoma ta jihar Washington, Don yaro ne mai goge. A hannun Buck ya goge a irin wannan salon jitar, har ya karɓi jitar gaba, kuma tun "Act Naturally" ta 1963, wadda ita ce ta fara kai Buck na ɗaya, Don ne ke riƙe da ita. Ka ga ke nan salon da aka ji a faifan na gidan ne baki ɗaya. Raba shi gida biyu, a ce wannan na yara wannan na maigida, zai yi wuya.

Ɗan_Kibod:
Ni maganar nan ta taɓa ni, don a cikinta nake. Ina buga kibod a wani sitidiyo a Kano. Mawaƙi zai zo da baitinsa, wani lokaci ko karin bai daidaita ba, mu zauna mu gina masa kiɗa, mu gyara masa inda zai shiga da inda zai fita. Waƙa ta fita ta karaɗe gari, ana biki da ita, ana rawa da ita a TikTok, kuma wallahi sau da yawa abin da mutane ke bi shi ne ɗan kiɗan nan na farko kafin ya buɗe baki. An biya ni kuɗin aiki ranar, shi ke nan. In ya ga dama ya ambaci sunana a ƙarshen waƙa, in bai ga dama ba ya ambaci wanda ya ba shi kyautar mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko a gargajiya haka ne, kowa ya san sunan mawaƙi, amma tambayi mutum sunan mai kalangun da ke bayansa ko 'yan amshinsa ka ga ya yi zuru. Saboda haka ni ko da sunan Buck na gaba, yadda ya yarda aka rubuta sunan ƙungiyar a faifai, ya kuma fitar da kiɗansu a matsayin babban faifai ba cikon bayan faifai ba, na jinjina masa.

Lauyan_Zaure:
Ƙanena Ɗan Kibod, jinjina masa amma kada ka ɗauka Buckaroos sun tsira daga abin da kake kuka da shi. A dokar Amurka, in gidan rediyo na AM ko FM ya saka faifai, wanda ya rubuta waƙar da kamfanin da ya yi mata rajista su ake biya, ta hannun ƙungiyoyi irin BMI da ASCAP. Wanda ya rera da wanda ya kaɗa ba su da ko sisi daga wannan ɓangaren, kuma har yanzu haka abin yake a rediyon gargajiya. Kuɗin sayar da faifai kuma na kamfani ne da wanda ya sa hannu a kwantiragi, wato Buck. Makaɗan ƙungiya ma'aikata ne. Buck kuwa ɗan kasuwa ne na gaske: yana da kamfanin rajistar waƙoƙi mai suna Blue Book, ya sayi gidan rediyon KUZZ a Bakersfield, ya mallaki KNIX a Phoenix, daga baya ma ya karɓe mallakar asalin faya-fayansa daga hannun Capitol, abin da mawaƙa kaɗan ne suka yi tunaninsa a zamanin. In ana maganar wa ya ci kasuwa a ma'anar kuɗi, amsar ba ta da wuya.

Sarkin_Musu:
Lauya ya gama magana. A rufe zaure.

Maman_Ilham:
Ba a rufe ba. Ai ba kuɗi Malam Garmaho ya tambaya ba, cewa ya yi wa ya yi aikin da ya kai faifan can.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ina ganin kun manta da wasu, kuma kusan lokaci ɗaya abin ya faru. Statler Brothers suna bin Johnny Cash suna yi masa amshi tun 1964. A 1965 suka fitar da "Flowers on the Wall" da sunansu su kaɗai, babu sunan Cash a jiki. Ta kai na 2 a kantiri, ta kai na 4 a Hot 100, ta ci kyautar Grammy. Ku kwatanta na 4 da na 60. Kuma bayan wannan nasara ba su bar maigidansu ba, sun ci gaba da binsa har 1972. In ana neman yaran gida da suka yi abin kansu, ga su nan, ba sai an yi gardamar sunan wa ke gaba ba.

Garmaho_Zazzau:
Ɗan Damagaram, waɗannan mawaƙa ne, ba makaɗa ba. Mutum huɗu masu murya sun rera waƙa mai kalmomi, mai ban dariya da ban tausayi, dole ta shiga. Ni ina maganar waɗanda ba su da abin da za su ja hankalinka da shi sai yatsunsu. Kuma na 2 ba na 1 ba ne.

Ɗan_Damagaram:
Na 2 da sunanka ya fi na 1 da bazar wani.

Ustaz_Na_Layi:
Jama'a ku ji tsoron Allah. Duk matsalolin da ke damunmu, an rasa abin tattaunawa sai makaɗan Amurka na shekara 60 da suka wuce?

Mai_Unguwa:
Ustaz, da girmamawa, wannan ɓangaren zaure na kiɗa da tarihinsa ne, haka aka rubuta a ƙofa. Akwai ɓangaren al'amuran yau da kullum, ana can ana fama da maganar farashin mai, kana iya leƙawa. A ci gaba.

Uwar_Ɗaki77:
Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zancen cewa ba a sake samun kiɗa zalla a na ɗaya ba. Anya? Akwai kiɗan banjo ɗin nan da ya yi tashe a shekarun 1970, wanda mutum biyu ke mayar wa juna martani. Ina jin shi ya hau.

Baba_Mai_Faifai:
Hajiya, "Dueling Banjos" kike nufi, na Eric Weissberg da Steve Mandell, 1973. Ya yi tashe ƙwarai, amma na 5 ya tsaya a kantiri, na 2 a Hot 100. Kafin shi akwai "Last Date" na Floyd Cramer mai fiyano a 1960, shi ma na 2 ya kai a Hot 100, bai hau na ɗaya a kantiri ba. Shi Cramer ɗin yana cikin ƙwararrun sitidiyon Nashville da Bakatsine ya ambata. Maganar Malam Garmaho a nan daidai take.

Dalilin kuwa a ganina shi ne, kantiri kiɗan labari ne. Mutum na son a ba shi labarin matar da ta tafi, ko gonar da aka rasa, ko ɗan da ke kurkuku. Ku duba abin da ya kewaye "Buckaroo" a jadawalin ma. Wanda ya sauka ya ba shi wuri shi ne "Make the World Go Away" na Eddy Arnold, cikakken salon Nashville mai goge da taushi. Wanda ya ture shi a watan Janairun 1966 kuma shi ne "Giddyup Go" na Red Sovine, labarin direban babbar mota ne da ɗansa, yawancinsa ma magana ce ba rerawa ba. Faifan da babu kalma ko ɗaya ya faɗo tsakanin waɗannan biyun.

Direban_Tirela:
Baba, wannan na direban zan nema. Ashe suna yi mana waƙa a can.

Bakatsine_a_Fresno:
Suna yi sosai, Direba, fanni ne guda a kantiri. Ƙari kan maganar Baba, akwai dabarar da ta taimaki faya-fayan Buck a rediyo. Shi da Ken Nelson sukan saurari abin da suka ɗauka ta ƙananan lasifikoki irin na mota, su rage nauyin bes su ƙara kaifi, don sun san yawancin masu sauraro a rediyon AM na mota ko na kanti za su ji. Faifan Nashville in ya biyo ta irin wannan lasifika sai ya dushe, nasu kuwa ya fito tar. Kiɗan da aka gina kan jitar Don Rich shi ya fi kowanne cin moriyar wannan. Kuma gajere ne, mai gabatar da shiri na iya cusa shi kafin labarai. Ina ganin wannan ma ya taimaka, ko da yake ra'ayina ne.

Sarkin_Musu:
To wa ya yi dabarar lasifikar? Maigida. Wa ya ce a yi amfani da yaran a sitidiyo? Maigida. Wa ya zaɓi a fitar da faifan? Maigida. Kuna ta tara min hujja. Kuma ga gwajin da zai raba gardama: Buckaroos sun fitar da faya-fayai da sunansu su kaɗai a ƙarshen shekarun 1960. Wanne ne ya hau na ɗaya? Babu.

Garmaho_Zazzau:
Gwajin naka yana da fuska biyu, Sarki. Cire Buck ka ga yara ba su hau na ɗaya ba, na ji. To cire Don Rich ka gani. Ya mutu a haɗarin babur a watan Yulin 1974 yana da shekara 32. Buck Owens, mai na ɗaya har 20 kafin nan, bai ƙara hawa ba sai 1988, shi ma mawaƙi Dwight Yoakam ne ya je ya jawo shi suka yi "Streets of Bakersfield" tare. Shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki cewa mutuwar Don ta tafi da jin daɗin kiɗan a wurinsa. Sunan yana nan, yana fitowa a talabijin duk mako a shirin Hee Haw, ga gidajen rediyo nasa na kansa. Me ya hana sunan ya yi aikin?

Sarkin_Musu:
Tun kafin Don ya mutu abin ya fara ja baya. Na ɗayansa na ƙarshe kafin dogon shirun a 1972 ne. Zamani ne ya juya.

Lauyan_Zaure:
Nan kam Sarki ya faɗi gaskiya game da shekarar, "Made in Japan" ce a 1972. Amma kafin nan ai ƙungiyar ta riga ta watse rabi. Willie Cantu ya tafi a 1967, Tom Brumley ya tafi a 1969 ya koma wurin Rick Nelson, Doyle Holly ya bi a 1971. Kowannenku na iya jan wannan zuwa ɓangarensa.

Maman_Ilham:
Na je na saurara yanzu. Gaskiya yana da daɗi, amma ni da ban ga suna ba zan ce kiɗan fim ɗin kaboyi ne. Na kuma saurari "Together Again" da na gani kusa da shi. Wannan jitar mai kuka da ke tsakiya, ita ce ta Tom Brumley ɗin? Ta fi min "Buckaroo" nesa ba kusa ba.

Baba_Mai_Faifai:
Ita ce, 'yata, kuma kunnenki na da kyau. Masu wannan jitar har yau suna koyon wannan ɗan gutsiren. "Together Again" bayan faifai ce ma a 1964, gabansa "My Heart Skips a Beat", amma duka biyun suka hau na ɗaya, ɗaya ta sauka ta ba ɗaya wuri. In da ni ne Malam Garmaho da wannan zan kafa hujja, don a nan ne za ka ji makaɗi ya ɗauki waƙar mutum ya kai ta inda muryar ba ta kai ba.

Su ma mutanen harkar sun san da haka. Da CMA, ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri, ta fara ba da kyaututtukanta a 1967, Buckaroos ne suka karɓi ta ƙungiyar makaɗa, suka sake karɓa a 1968. Wannan da sunansu aka ba su. A watan Maris na 1966, wata uku bayan faifan da muke magana, sun yi wasa a Carnegie Hall a New York, kuma faifan wannan wasa yana nan, kowa na iya ji yadda mutum biyar ɗin ke aiki tare ba tare da gyaran sitidiyo ba.

Ɗan_Damagaram:
A wannan bikin na 1967 ɗin akwai wani yaron gida kuma. Jack Greene mai ganga ne a Texas Troubadours na Ernest Tubb. "There Goes My Everything" ta yi mako 7 a na ɗaya, ya kwashe kyautar mawaƙin shekara da faifan shekara. Sai kuma Sawyer Brown, waɗanda makaɗan mawaƙi Don King ne, da ya daina yawo suka tsaya da ƙafarsu, suka ci gasar talabijin ta Star Search, suka hau na ɗaya da "Step That Step" a 1985. Waɗannan ƙungiya ce sukutum, ba mutum ɗaya ba, kuma ba sunan tsohon maigida a faifan. Malam Garmaho, me za ka ce?

Garmaho_Zazzau:
Zan ce lokacin da suka hau ba makaɗan bayan kowa ba ne, sun riga sun zama masu gidan kansu da mawaƙinsu a gaba. Buckaroos kuwa suna bakin aikinsu na yaran gida suka yi.

Uwar_Ɗaki77:
Ku bari in kawo gulma kaɗan. Wanda ya raɗa musu sunan Buckaroos ai Merle Haggard ne, lokacin da ya ɗan riƙe wa Buck jitar bes na ɗan gajeren lokaci. Daga baya ya zama babban mawaƙi da ƙungiyarsa Strangers, ya kuma auri Bonnie Owens, tsohuwar matar Buck, a 1965 ɗin nan dai. Kuma ita ta riƙa yi masa amshi shekara da shekaru, har bayan aurensu ya mutu.

Sarkin_Musu:
Hajiya, wannan yaron gida kam ya wuce gona da iri.

Ɗan_Kibod:
Lauya, koma kan maganarka ta ɗazu. In na fahimta, wanda aka rubuta a matsayin mai tsara kiɗan shi ke da rabo mai ɗorewa, ba wanda ya buga ba. To ni da nake ƙirƙirar karin da kaina, ba bugawa kawai nake ba, a wane ɓangare nake? Kuma in mawaƙi ya biya ni kuɗin aiki a hannu ba takarda, na sayar ke nan?

Lauyan_Zaure:
Wanda ya ƙirƙiri kari mai tsarawa ne, ba ɗan bugu kawai ba, amma in babu rubutu tabbatar da hakan ne aikin. Dokar Najeriya daban take da ta Amurka, kuma an yi sabuwa a 2022, don haka kada mu cakuɗa su a nan. Buɗe sabon zare a ɓangaren shari'a, ka faɗi yadda kuke yin ciniki ba tare da ka ambaci sunan kowa ba, zan amsa maka a can.

Direban_Tirela:
Baba Mai Faifai, na samu ta Red Sovine ɗin amma maganar ta yi min sauri. Akwai wanda zai taƙaita min labarin? Yaron ya gane uban nasa ko bai gane ba?